APL-67: barikin da ke kan ruwa, ya biya kuɗinsa?

Idan jirgin ruwan yaƙi ya shiga gyara na wata da watanni, zama cikinsa azaba ne: ƙarar walda dare da rana, ƙurar fenti, ga ruwa da wuta da ake yankewa ba sanarwa. Shi ya sa rundunar sojin ruwan Amurka take ajiye jiragen kwana kusa da wurin gyaran. Sabon samfurinsu shi ne APL-67, wanda kamfanin VT Halter Marine ya ƙera a jihar Mississippi, aka kai shi tashar Yokosuka ta Japan a 2021.

Tsawonsa kimanin mita 82, faɗinsa mita 21. Yana kwanar da mutum 611, hafsoshi 74 da ƙananan sojoji 537. Akwai ɗakin shan magani, wurin wanki, ajujuwa, shagon aski da wurin motsa jiki. Amma inda ya fi burgewa shi ne kicin. Kujerun cin abinci 284 ne kawai, duk da haka an tsara ya ciyar da mutum 1,130 sau uku a rana. Dabarar ita ce kowane rukuni minti 20 yake samu, ya tashi wani ya zauna, rukuni huɗu an gama. Matsalar, idan rukunin farko ya yi jinkiri, layi zai taru har bakin tsani, na ƙarshe su ci a tsaitsaye.

Ba shi da injin tafiya, sai an ja shi. Wasu daga cikin magabatansa kuwa da ƙafarsu suke yawo. USS Benewah, wanda aka gina a Boston a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga kogunan yankin Mekong na ƙasar Vietnam a 1967 ɗauke da sojojin ƙasa, har da filin saukar helikwafta a samansa. Ɗan'uwansa Nueces daga baya ya koma APL-40, ya shafe shekaru yana aikin masauki a Yokosuka ɗin. Rashin injin, a ganina, riba ce: babu ma'aikatan ɗakin inji, kuma wurin ya koma gadaje.

Rauninsa a jikinsa yake. Abin da ya nutse cikin ruwa kimanin mita 2 ne kawai, saman kuma gini ne dogo mai faɗin bango, iska na kama shi sosai, don haka lokacin guguwa dole a ninka igiyoyin ɗauri. Wuta, ruwan sha da kwashe ruwan bayan gida duk daga gaɓa ake jona su. Famfo ɗaya ya tsaya, ɗaruruwan mutane sun shiga uku. Na'urar sanyaya ɗaki ma haka, domin ɗakin ƙarfe mai cunkoso ba ya jimawa danshi ya kawo fumfuna.

Ga jirgin yaƙi mai mutum 300 ya wadatar har da rara. Babban jirgin dakon jiragen sama kuwa, mai ma'aikata kusan 3,000, masu gadin dare kawai zai ɗauka, sauran sai a nema musu ɗaki a gari.