Sultanahmet ko Taksim: ina za a sauka a Istanbul?

Hajiya, kin ce kwana 4 za ku yi a Istanbul ke da Mama, ga ta da ciwon gwiwa, kina so ki san ko tsohon gari za ku kama ɗaki, wato Sultanahmet, ko can Taksim. Ni dai Sultanahmet nake ba ki shawara, amma da sharaɗi.

Duk abin da zai kai ku yana wuri guda. Ayasofiya, wadda aka kammala ginawa a 537 kuma ta koma masallaci a 2020, tana kallon Masallacin Sultan Ahmed, fili ne kawai tsakaninsu. Fadar Topkapi na bayanta, a can ake ajiye da kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW), har da mayafinsa, sai dai ba a buɗe ta ran Talata. Mama za ta iya samun asuba a masallaci tun baƙi ba su cika wurin ba, da hantsi ta koma ta miƙe ƙafa. Ke kuma jirgin titi na T1 zai sauke ki a Beyazit, bakin babbar rufaffiyar kasuwa, ko Laleli wajen masu sarin kaya. Kasuwar ba ta ci ran Lahadi.

Ga sharaɗin. Unguwar Sultanahmet a kan tudu take, titunanta na dutse, otal da yawa kuma tsofaffin gidaje ne masu ƙananan ɗakuna, wasu ba lif. Don Allah kafin ki biya ki tambaye su ko akwai lif, ki kuma duba nisansu da tashar jirgin. Waɗanda ke gangare ta wajen teku, saukar ba wuya, hawan ne zai wahalar da tsohuwa. Abinci ma a bakin filin tsada gare shi, ki ɗan shiga lungu.

Taksim ta fi manyan otal na zamani, ga jirgin ƙasa na M2 zuwa Osmanbey, unguwar masu sarin kaya, in sari ne gaba a tafiyar. Amma titin Istiklal da ke unguwar ba ya barci, kiɗa da mashaya har tsakar dare. Kullum kuma sai kun gangara tashar Kabatash kun shiga T1 cikin cunkoso kafin ku isa masallatan, zuwa da dawowa. Da ke kaɗai ce da ban damu ba. Da Mama, ki nemi ɗaki kusa da tashar Sultanahmet ko ta Gulhane.