Shingen ƙarfe mai taya na ranar Juma'a: ya fi benci da igiya, amma a duba tayoyin

Masu walda a Sabon Gari da Tudun Wada na Zariya suna haɗa shingen ƙarfe mai taya don tare titi lokacin sallar Juma'a. Ga kwamitin masallacin da ke kan hanyar asibitin haihuwa, shi ya kamata a saya, domin ɗan agaji guda zai gungura shi gefe kafin mai keke da ya ɗauko mai naƙuda ya gama taka burki. Benci da duwatsu sai an taru.

Mai kyau ba ya wuce mita 2 a tsawo da mita 1 a tsaye, da fayif inci ɗaya da rabi. In ya kai mita 3 yakan lanƙwashe a tsakiya, sai mutum biyu. Inda ake yawan ha'inci shi ne taya: a sa ƙananan na roba irin na kujerar ofis, ƙurar hunturu ta cika boris ɗin, su cije. A nace a kan na ƙarfe masu inci 4, biyu daga ciki masu makulli. A kifa shingen a duba waldar gindi. In ɗigo-ɗigo ce, ba za ta ga damina biyu ba. A sa jan fenti mai hana tsatsa a ƙasa, da tef mai ƙyalli saboda tahajjud.

Babbar ɓarna kuwa ba ta mai walda ba ce. Sarƙa da kwaɗo ne, ga makullin a aljihun wanda ke sahun farko. Sakata ta wadatar, sannan a bar layi na mita 3 da rabi don motar asibiti mai zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba.

Amurka ta haɗa ƙofofin nan biyu a doka guda tun 1994: wanda ya tare ƙofar asibitin kula da haihuwa ko wurin ibada da gangan don hana mutane shiga, ko bai taɓa kowa ba, zai iya shan wata 6 a kurkuku da tarar dala 10,000 a karon farko. Tamu dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti mayar da mai neman taimakon gaggawa, amma sai ya isa ƙofa tukuna. Don haka kafin a biya cikon kuɗi, a sa yaro ɗan shekara goma sha wani abu ya tura shingen a kan tsakuwa. In ya gagare shi, a mayar.