Wane itace za ka saya in za ka kyafe ƙirjin sa irin na Texas?

Ƙirjin sa, wato na bijimi, nama ne mai tauri da kitse, shi ya sa masu gashi a jihar Texas ta Amurka ke barinsa cikin hayaƙi awa 12 zuwa 16, a zafin digiri 110 zuwa 135 na ma'aunin Celsius. Naman da zai kwana yana shan hayaƙi haka, ƙanshin itacen sai ya shige shi har ciki.

In ka tambaye ni, itacen oak za ka saya, musamman irin da ake kira post oak. Da shi masu gashin garuruwan Lockhart da Austin na Texas suka yi suna. Yana ci a hankali, garwashinsa na daɗewa, hayaƙinsa kuma ba ya danne ɗanɗanon naman. Mutanen can gishiri da masoro kawai suke barbaɗawa, sauran aikin na itace ne. Ko wuta ta ɗan kuɓuce maka cikin dare, da wuya naman ya yi ɗaci.

Itacen hickory ya fi oak ƙarfin hayaƙi, in ya yi yawa sai ka ji shi a maƙogwaro. Ɗan'uwansa pecan ya fi sauƙi, da ɗan zaƙi-zaƙi. Itacen tuffa da na ceri ba su da nauyin da zai ratsa nama mai kilo 6, sai dai a haɗa su da oak.

Mesquite ne ke yaudarar sabon shiga. Dangin ƙirya ne, wadda maƙeranmu ke son gawayinta saboda zafi, kuma halinsu ɗaya. Ya dace da naman da za a gasa cikin minti 10. A doguwar kyafa kuwa, sai in za ka ƙone shi ya zama garwashi tukuna, ko ka sa guntu biyu kacal.

Kowanne ka zaɓa, duba bushewarsa kafin ka biya. Wanda ya yi wata 6 zuwa shekara a ajiye za ka ga bakinsa ya tsattsage, in ka buga biyu su yi ƙara. Ɗanye farin hayaƙi mai kauri yake tayarwa, alhali siriri mai shuɗi-shuɗi ake nema. Kada ka kusanci pine da sauran masu ƙaro, balle katakon da aka yi wa fenti ko magani.

In tukunyar kyafarka ta gawayi ce, sayi guntaye kamar dunƙulen hannu. Faskare na babbar tanda ne.