Gargaɗi ga masu shirin buɗe wurin wankin mota: ku yi hattara da mai tallar "cikakken saiti"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata tara ina sana'ar wankin mota da kafet a Kano, kuma ban saba dogon rubutu a nan ba. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne, cikin wata biyu mutum biyu da na sani sun faɗa hannun mutum ɗaya, ɗayansu kuwa ɗan yayata ne, yaron da ya tashi a hannuna a wannan sana'a. Ba zan kama sunan mai tallar ba saboda maganar tana gaban hukuma, kuma sunan ma ba zai amfane ku ba, don sau uku ke nan yana sauya sunan shafinsa. Salon tallar ne bai taɓa sauyawa ba, shi nake so ku riƙe.

Tallar tana yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa. Hoton jan inji ne a kan taya biyu, an rubuta Honda a jikin tankin mai. An ce ƙarfin doki 6.5 ne, matsin ruwansa PSI 4,000, yana fitar da lita 15 a minti ɗaya. An haɗa masa tiyo, bindiga, kwalbar kumfa da injin zuƙar ƙura, duka a farashin da bai kai rabin abin da za ka tarar a Sabon Gari ba. Idan ka tambayi dalilin arahar sai ya ce kayan gwanjon kwastan ne daga Legas, saura guda huɗu, wani Alhaji ma ya yi magana a kan biyu.

Na farko maƙwabcina ne, dattijo da ya ajiye aiki yana neman abin da zai kafa wa 'ya'yansa. Ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami, aka turo masa hoton kwali a tasha. Kwana biyu sai wani ya kira wai shi ne direba, an tare su a hanya sai an biya wani abu, ya ba da wani asusun daban mai wani suna daban. Dattijon ya sake turawa, daga nan duka layukan suka mutu. Wannan tsohuwar damfara ce, kowa ya san irinta.

Ta ɗan yayata ce ta fi tayar mini da hankali, domin shi kayansa sun iso. Da na yi masa faɗan rashin shawara sai ya ce, "Kawu, ai na ga bidiyon mutanen da nasu ya zo, shi ya sa na saki jiki." Gaskiya ya faɗa. Mutumin yakan aika wa wasu kaya, ya roƙe su su ɗauki bidiyo ranar buɗe kwali suna godiya, da wannan bidiyon yake farautar irin su dattijon nan. Ranar buɗe kwali kuwa kowane inji sabo ne, yana ƙyalli, yana tashi bugu ɗaya. Na yaron nan sati biyar ya yi famfon ya fara zubar da ruwa ta ƙasa, matsin ya faɗi, har ta kai ko taɓon taya ba ya cirewa.

Da ya kawo mini shi, kafin in taɓa sifana na ɗauki biro, don lambobin da ke jikin kwalin kaɗai sun isa su tona asirin. Akwai lissafi ɗaya da duk mai son shiga wannan sana'a ya kamata ya haddace: ka ninka matsin ruwa a ma'aunin bar da yawan litar da injin ke fitarwa a minti, ka raba da 600, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ake bukata kafin a tura wannan ruwa. Bar ɗaya kusan PSI 14.5 ne, ke nan PSI 4,000 ya kama bar 276. Ninka da lita 15, raba da 600, ka samu kilowat 6.9. To Honda GX200 na asali, wanda kasuwa ke kira 6.5, ƙarfin da kamfanin da kansa ya rubuta masa kilowat 4.3 ne. Ta ina inji mai 4.3 zai yi aikin 6.9, ba a ma cire abin da ke ɓacewa a cikin famfo ba? Mai son wannan matsi da wannan ruwa sai ya hau GX390, wanda ake kira 13, shi kuwa nauyinsa ya ninka na ƙaramin, kuɗinsa ma ba a kusa suke ba. Ko da injin yaron nan na asali ne, lambar da ke kan kwalin ƙarya ce.

Kuma ba na asalin ba ne. Honda na gaske ana buga lambar injin a jikin ƙarfensa, ka shafa da yatsa ka ji ta. Wannan takarda aka liƙa, da muka ɓare ta muka ga 168F a ƙasa, wato ƙirar China mai kwaikwayon GX. A nan ina so a fahimce ni: ba na kushe 168F. Ina da guda a wurina, yana aiki, kayan gyaransa suna ko'ina kuma da sauƙi. Wanda ya saye shi da sunansa a kuɗinsa bai yi asara ba. Zaluncin shi ne a sayar maka da shi da sunan wani.

Inda aka fi cutar sababbin shiga shi ne famfo, saboda kowa injin yake kallo, alhali famfon ne ke yin wankin. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ƙaramin da aka yi don mai gida ya wanke motarsa ranar Asabar ya mayar ɗaki, yawanci a rufe yake, ba a sauya masa mai, idan ya mutu sai dai a sake wani. Akwai kuma mai fistan uku na tangaran, wanda ake kira tirifles, mai kan tagulla da ɗan gilashin duba mai a gefe, irin wanda kamfanonin Italiya kamar Annovi Reverberi da Interpump da Comet suka yi suna a kansa. Shi ne na sana'a, yana jure yini, kuma idan robobinsa suka cinye a sauya su ya ci gaba. A talla an rubuta wa yaron nan "famfon Italiya". Na sa bakin sukundireba na kankare gefen kan, sai ga fari ya fito a ƙarƙashin ruwan gwal. Alminiyam ne aka fesa wa fenti.

Wannan lissafin na 600 yana aiki a kan masu lantarki ma. Soket ɗin bango na gida ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilowat 3. Kärcher K2, injin wani sanannen kamfani, wat 1,400 yake ci, kuma iyakar abin da ya yi alkawari bar 110 ne da lita 6 a minti. Saboda haka idan ka ga ɗan inji mai wat 1,500 an rubuta masa bar 300, ko 'yar bindigar batir da ake riƙewa a hannu an ce za ka buɗe wurin wanki da ita, ka wuce kawai. Na batir ɗin nan ko na manyan kamfanoni bar ashirin da 'yan kai suke bayarwa, sun dace da wanke keke da babur a gida.

Sai kuma takardar da yake haɗawa da kayan, wadda ya kira lissafin riba. A ganina ta fi injin jabun illa, domin inji ya mutu a sati biyar, ita kuwa ta bar wa yaron matsalar da har yau yake fama da ita. Takardar ta ce zai wanke mota 30 a rana, ya karya farashi ƙasa da na maƙwabta don ya ja mutane, ya cire kuɗin fetur da sabulu, saura duk riba, a wata ɗaya ya mayar da uwar kuɗi. Mota ɗaya ciki da waje, da gogewa da share ƙura, ba ta kasa minti 30 zuwa 40 idan ana son mai ita ya dawo. A rumfa ɗaya, ko layi bai yanke ba tun safe har magariba, da ƙyar ka haura 15, kuma akwai ranakun da za ka yini kana kallon titi, musamman idan hadari ya haɗu.

Abin da takardar ta ɓoye ya fi abin da ta faɗa yawa. Inji mai girman GX200 yana shan kusan lita 1.7 na fetur a awa idan yana cikin aiki sosai, kuma kowa ya ga yadda lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 har ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024. Ruwa kuma, idan famfonka na fitar da lita 10 a minti, minti goma na feshi lita 100 ne, jarka huɗu ke nan masu lita 25 a kan mota ɗaya. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ya tambayi 'yan ga-ruwan unguwarsu kuɗin jarka ya ninka da kansa. Ga kason yaran da ke wankin, ga hayar fili, ga baƙin mai, ga tiyo da ke fashewa, ga 'yan karɓar haraji. Sannan akwai kuɗin da sababbi ba sa tunawa da shi sam, wato na injin kansa: kowace mota da ka wanke ta ci wani abu daga rayuwarsa, dole a ware wani abu a kowane wanki don ranar da za a sake shi. Ni sai na tara duk waɗannan a kan mota ɗaya, bisa adadin motocin da nake samu a rana mai matsakaicin ciniki, sannan in ɗora riba. Yaron nan ya sa farashin takarda, ya tara kwastomomin da suka saba da araha, ranar da ya gyara farashi rabinsu suka watse, maƙwabtansa masu sana'ar kuma ya riga ya ɓata da su.

Roƙona ga duk mai niyya shi ne kada ya biya ko sisi a kan injin da bai gani yana aiki ba. Gani ya kori ji. A jona masa ruwa a gabanka, a ɗaura geji tsakanin famfo da tiyo ka karanta matsin da idonka. Ka cire nozul, wato ɗan bakin da ke kan bindigar, ka saki ruwan cikin jarka mai lita 25 kana duba agogo, nan za ka san litar gaskiya. A bar shi ya yi aiki kamar minti 20 ya ɗauki zafi, ka leƙa ƙasan famfon ko yana ɗiga. Ka tambaya ko ana samun robobinsa a garin, a nuna maka su a hannu. Rasit kuma ya ɗauki lambar injin da sunan famfon. Idan kayan suna wani gari, ka nemi ɗan uwa ko makanike a can ya je shagon da ƙafarsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, ni duk wanda na sayi inji a wurinsa a Kano shi da kansa yake kawo bokitin gwaji. Sunan kamfani kuma ana iya bincikarsa kyauta a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, idan sunan asusun da aka ba ka ya saɓa da sunan shagon, ka tsaya nan.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru, dattijon nan kwana tara ya ɓoye wa iyalinsa kuma jinkirin ya cutar da shi. Ka ɗauki hoton tallar da duk hirarku da shaidar tura kuɗi tun kafin ya goge shafin, ka je bankinka a ranar, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan kaya sun zo amma ba su ne aka tallata ba, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar irin wannan koke. Mu mun kai namu tare da kan famfon da na kankare da takardar da muka ɓare. Ɗan yayata yanzu yana aiki da tsohon injina na aro, muna tara kuɗin famfo mai fistan uku da za mu ɗaura wa nasa.