Wata takwas ina buɗe get da waya: abin da na gani a gidan hayarmu na Hanwa

Gidanmu bene ne mai sashe shida, a Hanwa da ke Zariya, ba nisa da titin da ya taso daga Kwangila. Sashena ne a ƙasa, dab da get, don haka duk wanda ya yi dare ni yake tasa. Maigadinmu, wani dattijo da muke ce wa Baba, da ruwa ya sauka ya ce zai koma gona, Alhaji mai gidan kuma bai ɗauki wani ba. Makwabciyarmu ta sama tana aikin jinya a Shika, wani lokacin sai goshin asuba take dawowa. Akwai ɗalibai biyu na jami'a da ba sa barin Samaru sai sun gama karatun dare. Makullin ƙaramar ƙofar get an yanka shi ya fi sau goma, kullum sai wani ya ce nasa ya ɓata. Har maiɗakina ta fara tsokanata wai in nemi Alhaji ya riƙa biyana albashin gadi.

Ƙanena da ke karatu a Kanada ne ya fara kawo maganar manhaja. A irin benayensu akwai allo a bakin ƙofa, baƙo ya danna lambar ɗakinka, allon ya kira wayarka, kai kuma ka danna 9 ƙofa ta buɗe. Manhajojin da ya turo min aikinsu shi ne su ba ka wata lamba ta can, su amsa kiran a madadinka, su danna maka lambar. Na sauke guda ɗaya, na kwana ina latse-latse kafin na gane ba namu ba ce. Mu ba mu da allon da zai yi kiran tun farko, lambar da suke bayarwa ta Amurka ce ko Kanada, kuɗin wata kuma da dala. Idan wani ɗan'uwa daga waje ya turo maka irin wannan, ka yi masa godiya kawai, kada ka ɓata datarka.

Sai na koma ga abin da ake samu a nan. Wani mai haɗa sola a Sabon Gari ya nuna min hanya biyu, kuma ƙarshenta duka biyun muka gwada, da kuɗin da muka haɗa mu shida.

Ta farko ƙararrawa ce mai kyamara, tana aiki da waifai. Baƙo ya danna, wayarka ta yi ƙara, ka ga fuskarsa, ku yi magana, ka taɓa hoton kwaɗo a manhaja ƙofa ta saki. Ranar da aka kafa ta har yaran unguwa sai da suka taru. Gaskiya tana da kyau, kuma da rana hoton fes yake fita. Amma tana da sharuɗɗan da mai sayarwa bai faɗa ba sai da muka ci karo da su. Waifai iri ɗaya kaɗai take kamawa, wanda ake ce wa 2.4GHz, dole aka ajiye mata ƙaramin rawuta, wato abin da ke ba da waifai, a tagar ɗakina, da batirinsa, da datarsa ta wata-wata. Saƙon ba kai tsaye yake zuwa wayarka ba, sai ya bi ta intanet ya je rumbun kamfanin ya dawo. Da daddare, lokacin da kowa ya hau waya sabis ya yi nauyi, sai baƙo ya gaji ya hau bugun get da hannu sannan wayata ta yi ƙara. Wasu wayoyin Android kuma suna kashe manhaja a ɓoye don su adana caji, sai ka shiga saiti ka ba ta izini, ba kowa ne zai iya wannan ba.

Abin da ya kashe ta a wurina shi ne Hajiya. Hajiya mahaifiyar malamin da ke sashe na uku ce, ita ce ke wuni a gida, ita ke karɓar mai ruwa da mai kawo gas da jikoki idan sun taso daga Islamiyya. Wayarta 'yar ƙarama ce mai tocila, wadda yara ke ce wa rakani-kashi. Na je ina yi mata bayani, ta saurare ni har na gama, ta ce, "To ɗan nan, ni da wace wayar zan ga fuskar tasu?" Ban da amsa.

Ta biyun ba ta da wani kwalliya ko kaɗan. Ƙaramin akwati ne da ake sa wa layin waya a ciki, a haɗa shi da kwaɗon lantarki. Kana zuwa bakin get sai ka yi wa layin filashin. Akwatin ya duba lambar da ta kira, idan tana cikin waɗanda aka yi wa rajista sai ya katse kiran da kansa ya saki kwaɗon. Tunda ba a ɗauki kiran ba, ko kwabo ba a cire maka. Ba ruwansa da data, ba ruwansa da irin wayarka. Hajiya na sa mata lambar a maɓalli na 2, in ta danne shi ya kira. Yanzu daga kan tabarmarta take leƙa taga, ta ga mai ruwa ne, ta buɗe masa.

Manhajar wannan akwati ni kaɗai nake da ita, don ni aka ɗora wa riƙon. Kuma in faɗi gaskiya, mummuna ce. Turancin cikinta a karkace yake, wasu maɓallan sai ka gwada kafin ka san aikinsu. Daga baya na gane duk abin da take yi shi ne rubuta saƙon tes a madadina ta tura wa akwatin: ƙara lamba, goge lamba, canja lambar sirri, ba wa baƙo dama ta kwana biyu. Kowane umarni kuɗin tes guda ne, wanda ya koma naira 6 bayan ƙarin kuɗin kira na farkon 2025. Wannan bai dame ni ba, don a wata bai fi in tura biyar ba. Akwatinmu yana ɗaukar lamba 200, mu kuwa da mata da manyan yara ba mu kai talatin ba.

Akwai wuraren da muka sha wuya, gara in faɗa. Ranar farko lambobi uku suka ƙi aiki. Mun yi ta zargin akwatin, ashe yadda na rubuta su ne, na fara da 0 alhali kiran yana shigowa da 234 a gaba. Wanda ya ɓoye lambarsa ma ba za a buɗe masa ba, ɗaya daga cikin ɗaliban nan sai da ya yi rabin awa a waje kafin ya tuna. Layin da ke ciki dole a haɗa shi da NIN kamar kowane layi, da sunana aka yi, wanda ke nufin ranar da na tashi daga gidan sai an sake wani. Sannan layin da aka bar shi watanni ba a kashe komai a kansa kamfani na iya rufe shi, shi ya sa duk farkon wata nake sa masa kati kaɗan in sa ya turo min rahoto. Lambar sirrin da akwatin ya zo da ita 1234 ce. Duk wanda ya san lambar layin kuma ya san wannan zai iya sa kansa a ciki, don haka ita ce abu na farko da za ka canja kafin mai haɗawa ya bar ƙofar gidanka. Da aka ƙwace wa makwabcinmu waya a hanyar kasuwa, kafin ya iso gida na goge lambarsa. Da makulli ne ya faɗi, da sai mun sake kwaɗo mun yanka wa kowa sabo.

Maganar kwaɗo ita ce darasin da ya fi tsada. Da farko na maganaɗisu aka sa mana, irin wanda wuta ce ke riƙe shi. Wani mako aka ɗauke wuta kwana biyu, ga hadari sola bai samu rana ba, batirin ya mutu cikin dare, muka wayi gari ƙofa a buɗe. Allah ya kiyaye babu abin da ya ɓata, amma babura huɗu ne a tsakar gidan. Muka canja zuwa irin wanda yake zama a kulle in babu wuta, yana ɗan shan wuta ne kawai lokacin buɗewa, kuma yana da ramin makulli. Makulli ɗaya na wurina, ɗaya na wurin Hajiya. Daga ciki akwai maɓallin da ke buɗewa da hannu, saboda gobara, Allah ya tsare. Batir mai bolt 12 da muka sa yanzu yana kai mu kwanaki ba tare da caji ba.

Da hunturu ya shigo, ƙura ta cika harshen kwaɗon ya fara cijewa, sai an hure shi an ɗan goge duk mako. Kuma babu manhajar da ke rufe ƙofa. Yara su shigo da gudu su bar ta a hangame. Mai walda ne ya warware wannan, ya sa mata sifirin mai janyo ta, ya kuma ɗaga ƙofar da ta ɗan sauka tana goga ƙasa. Kuɗin aikinsa bai kai na datar wata biyu da kyamarar nan ta ci ba.

Kyamarar ba mu cire ta ba, tana nan a matsayin ƙararrawa, don almajirin da ke yi mana wanki ba shi da waya, baƙin ƙauye ma haka. In sabis ya yi kyau ina ganin wanda ya zo ko ina wurin aiki a PZ, sai in yi filashin ɗin in buɗe masa. In bai yi kyau ba, su buga, Hajiya na ji.

Baba ya dawo bayan an gama girbi, ya tsaya yana kallon ƙofa tana buɗe kanta, ya ce, "Malam, ke nan an kore ni?" Alhaji ya mayar da shi bakin aiki, don akwatin ba ya tura babban get na motoci kuma ba ya sanin fuskar ɓarawo. Na sa lambarsa ta zama ta ashirin da takwas.