pg_restore: ka ciro tebur ɗaya ba tare da ka kwance lodi duka ba

Ni nake kula da rumbun bayanan wani dillalin albasa da tattasai a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL muke aiki. Da aka wayi gari teburin bashin kwastomomi ya lalace, Alhaji bai tambaye ni komai ba sai: wa ke bin wa, nawa ne? Sauran teburan lafiyarsu ƙalau, cinikin safiyar nan ma yana ciki. Dawo da kwafin daren jiya gaba ɗaya zai share shi ne.

A nan pg_restore, umarnin da ke dawo da bayanai daga kwafin ajiya, ya burge ni. Sharaɗinsa dai, a ce da pg_dump, umarnin ɗaukar kwafi, aka ɗauki kwafin, tare da zaɓin -Fc, -Fd ko -Ft. In rubutun SQL ne zalla, irin wanda pg_dumpall ke fitarwa, ba zai ko kalle shi ba, sai dai ka zauna kana tsintar layuka da hannu.

Abin da kowa ke fara gwadawa shi ne -t da sunan tebur. Yana aiki, amma tebur da bayanansa kawai yake kawowa. Fihirisa da mabuɗan da ke ɗaure shi da wasu teburan ba sa biyo shi, kuma littafin jagorar ya faɗi haka ɓaro-ɓaro. Wanda bai lura ba zai ga bincike yana jan ƙafa, ya ɗora wa sabar laifi.

Na fi son -l. Yana zayyano duk abin da ke cikin kwafin, layi-layi, kamar takardar lodin tirela. Ka adana jerin a fayil, ka sa alamar ";" a gaban duk layin da ba ka so, sannan ka miƙa masa da -L. Tebur, bayanansa, fihirisarsa, abin da ka zaɓa shi kaɗai zai sauko. Ni a wani sabon rumbu na fara sauke nawa, yaron shago ya ɗauko littafin bashi muka gwada sunaye kaɗan, sannan na kwashe zuwa na ainihi. Da -j 4 kuma ayyuka huɗu ke tafiya lokaci guda, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙona man janareta a Legas.

Kyauta ne, tare da PostgreSQL yake zuwa. Amma babu maɓallan latsawa, umarni ake rubutawa, kuma saƙonnin kuskurensa sai wanda ya saba. Ba zan damƙa wa sabon hannu shi a kan rumbun da ake ciniki da shi ba.