Aikin kansar huhu a Delhi: likitan ya san aikinsa, dillalin ne sai a hankali

Masu tambayata inda muka kai Baffa aka yi masa aikin huhu sun yi yawa, to ga bayanin a dunƙule. Likitan tiyatar ƙirjin da ya yi aikin, wallahi in ɗan uwana na jini ne ke kwance zan sake miƙa shi hannunsa ba tare da na yi tunani biyu ba. Asibitin kansa ba laifi. Dillalin da ya haɗa mu da su kuwa ban ba kowa shawarar bi ta hannun irinsu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai tun a gida ya faru. Baffa ya daɗe yana tari yana ramewa, wani lokaci har da ɗan jini a majina, aka ɗau hoton ƙirji aka ga inuwa a saman huhun dama, shikenan aka ɗora shi kan maganin tibi duk da cewa gwajin majina na GeneXpert mai gano tibi bai nuna komai ba, kuma mutumin nan ya sha taba shekara da shekaru kafin ya bari amma babu wanda ya tambaye shi. Maganin tibi wata 6 ake sha, kuma duk tsawon lokacin nan kansar tana can tana girma abinta. Sai da aka yi siti sikan aka tsira allura aka ɗebo ɗan nama aka kai lab sannan gaskiya ta fito. In mara lafiyarku yana shan maganin tibi babu sauƙi, don Allah ku matsa a yi wannan hoton.

Shi wannan likitan na Delhi ba ya aikin zuciya, aikinsa huhu ne da bututun abinci da ƙarin da ke fitowa a tsakiyar ƙirji. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar yanka ba. Mu mun zo a matse muna lissafin kuɗin masauki, muna so a yi aiki jibi-jibin nan, shi ko ya ce sai an yi hoton PET na duk jiki mai nuna ko kansar ta bazu, da hoton ƙwaƙwalwa, da wani gwaji da ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ɗebo samfuri daga kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, da gwajin ƙarfin numfashi. Dalilinsa kuwa, in cutar ta riga ta bazu to yankan wahala ce kawai za a ƙara wa dattijo, in kuma huhun da zai rage ba zai iya riƙe shi ba an gyara wuri ɗaya an ɓata wani. A lokacin na ji haushi, na ɗauka hanyar tatsar kuɗi ce. Har yanzu ina ganin kuɗin gwaje-gwajen sun yi tsada, amma kowanne da aikin da ya yi.

Ya ɗau biro ya zana mana huhu a takarda, na dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2, ya nuna kashin sama na dama da zai cire gaba ɗaya. Na tambaye shi me ya sa ba za a ɗan gutsure wurin kawai a bar sauran ba, a nan na gane mutumin yana bin bincike ba aikin hannu kaɗai ya iya ba. Ya ce an gwada hakan, akwai babban bincike na Japan da ya fito a 2022 mai mutum sama da 1,100, da wani na Amurka da likitan tiyata Nasser Altorki ya jagoranta ya fito a 2023 mai mutum 697, duka sun nuna cire ɗan yanki ya wadatar amma fa ga ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, yana gefen huhu, kuma bai taɓa kaluluwa ba. Na Baffa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Na juya na ce, "Baffa kun ji dai, kashi ɗaya cikin ukun za a cire." Ya ce, "To ɗan nan, Allah ya sa a yi a sa'a."

Aikin ba a tsaga ƙirji aka buɗe haƙarƙari irin na da ba. Ƙofa ɗaya aka yi tsakanin haƙarƙari, tsawonta bai kai yatsa ba, ta nan kyamara da kayan aiki suka shiga, salon da wani likitan Sifaniya, Diego Gonzalez Rivas, ya fara cire kashin huhu da shi a 2010. Kar wani ya ce muku babu zafi, akwai, musamman wurin robar da ake bari a gefe tana fitar da iska da ruwa, Baffa mai dauriya ne amma ranar farko sai da ya yi ta salati. Washegari nas-nas suka tashe shi tsaye suka sa shi tafiya a baranda, suka ba shi wata na'ura mai ƙwallaye uku ya riƙa zuƙar iska yana ɗaga su, kuma ba sa ɗaga ƙafa ko kaɗan a kan wannan. Likitan da kansa yake zagayowa safe da yamma, ba ya turo yaransa su kaɗai.

Yanzu ɓangaren da bai yi min ba. Takardar ƙiyasin kuɗin da dillali ya turo mana tun muna gida ba ta haɗa da PET da gwajin kaluluwa da magungunan sallama ba, sai da muka isa lissafi ya riƙa hawa, da dala kuma, ga naira yadda take. Daga baya na gane asibitocin nan suna da ofishin baƙi ’yan ƙasar waje da mutum zai iya tura wa hotuna da sakamakon lab kai tsaye, su ba shi wasiƙar neman bizar jinya. Tafinta akwai na Larabci, na Hausa babu, dole ka tafi da mai jin Turanci sosai wanda ba ya jin kunyar tambaya. Abincin asibiti Baffa ya kasa ci, gara ka kama masauki mai kicin ka tafi da kuka da garin kunu. Sannan iskar Delhi a Nuwamba da Disamba hayaƙi ce zalla, mai sabon ɗinki a huhu bai kamata ya shaƙe ta ba, in yanayin ciwon ya ba da zaɓi a duba wani garin kamar Chennai.

Sakamakon naman da aka cire ya nuna cutar ta taɓa kaluluwa ɗaya, don haka ya rubuta kemo zagaye 4, ya ce babu dalilin zama a Indiya don wannan, a yi a gida. Ya sa an gwada ko kansar tana da canjin nan na ƙwayar halitta da ake kira EGFR, wanda in akwai shi ake ba da ƙwayar osimertinib ta shekara 3 bayan aiki, na Baffa babu. Bai bar mu mun hau jirgi ba sai da hoto ya tabbatar huhun ya buɗe babu iskar da ta taru a gefe. Kafin ku baro asibitin ku karɓi faifan duk hotunan, da rahoton aikin, da ɗan naman da lab ke adanawa a cikin kakin kyandir, domin likitan da ke yi wa Baffa kemo a nan su ya fara nema, kuma da faifan za a riƙa gwada siti sikan ɗin da zai dinga yi duk wata 6.